Leshin Hannu: Aikin Allura da Zare da Ya Cancanci Shiga Gidajenmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyaye da ƴan'uwa masu karatu, da wuya a sami gidan Bahaushe, daga Yamai zuwa Damagaram, daga Garwa zuwa Njamena, da ba a san kalmar leshi ba. Shi ne a saman akwatin lefe, shi ake fitarwa anko, shi ne kuma sau da yawa yake jefa magidanci cikin bashi ana saura kwana kaɗan biki. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa yadin da muke kira leshi na'ura ce ta yi shi, kuma kwaikwayo ne na wani aiki da mata suka shafe ɗaruruwan shekaru suna yi da yatsunsu. Wannan aiki, wanda Faransawa ke kira dentelle, yana nan da ransa har yau, a hannun mutanen da suke yin sa don sha'awa idan sun kammala hidimominsu na yini.

Mun ga ya dace mu kawo bayaninsa a wannan fitowa saboda dalili biyu. Na ɗaya, muna kashe dukiya mai yawa a kan ado wanda ba mu san asalinsa ba, ba mu kuma iya yin ko taƙi ɗaya daga cikinsa ba. Na biyu, a gidajenmu akwai sa'o'i masu yawa, musamman tsakanin Azahar da La'asar da kuma lokacin hutun makaranta, waɗanda wayar salula da talabijin suka cinye wa ƴaƴanmu. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya, balle kuma aikin da mutum zai ƙawata ɗakinsa da shi.

Mene ne leshin hannu?

Mun saba da ɗinkin hula da aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas. A waɗannan, yadi yana nan tun farko, maɗinki yana ɗora masa ado ne kawai. Leshi na ainihi kuwa ba shi da yadi a ƙarƙashinsa. Zare ne zalla ake ƙullawa, ko a murɗa, ko a sarƙa, har ya zama ƙyalle mai raga-raga, inda gurbin da aka bari a buɗe yake da muhimmanci kamar wurin da aka cike. Hanyoyin yin sa da suka fi shahara huɗu ne.

Ta farko ita ce ta allura. Ana zana fasali a takarda mai ƙwari, a shimfiɗa zare a kan layin zanen a ɗaure shi, sa'an nan a riƙa cike tsakani da ƙananan ƙulle-ƙulle, kowane yana rataye a jikin na gabansa. Idan an gama sai a yanke zaren da ya riƙe aikin a jikin takardar, leshin ya fito shi kaɗai.

Ta biyu ita ce ta ƴan sanduna da matashi. Ana naɗe zare a jikin ƴan itatuwa da aka sassaƙa, waɗanda Faransawa ke kira fuseaux, kalmar da asalinta ke nufin mazari. Ana kafa takardar fasali a kan matashi mai tauri, a riƙa gittar da zaruruwa ana tokare su da fil. Mai koyo takan fara da sanduna goma sha biyu ko ashirin, amma babban aiki yakan ci ɗaruruwa.

Ta uku ita ce ta ƴar ƙoshiya, wadda ake kira frivolité. Ƙaramar ƙoshiya ce mai kama da ta masaƙa, da ita ake yin ƙulli iri ɗaya tak, ana jera shi ya zama zobba da sarƙoƙi. Ta huɗu kuwa ita ce ta kwarashi, wadda mata da yawa a cikinmu sun riga sun san ta wajen saƙa hular jarirai da safa da zaren ulu. Idan aka sauya ulu da siririn zaren auduga, aka kuma ɗauki kwarashin ƙarfe mai ƙaramin baki, abin da zai fito leshi ne.

Inda abin ya samo asali

Leshin allura ya bayyana ne a birnin Benis (Venise) na ƙasar Italiya a ƙarni na 16. Mata sun fara da zare wasu zaruruwa daga jikin farin yadi suna cike gurbin da ado. Da tafiya ta yi nisa sai suka ga yadin ma ba dole ba ne, suka sa wa sabon aikin suna punto in aria, wato ɗinki a cikin iska. A wannan ƙarnin ne kuma leshin sanduna ya bunƙasa a Italiya da yankin Flandre, wanda yawancinsa yake cikin Beljiyam ta yau. A shekarar 1557 an buga wani littafin fasali na leshin sanduna a Benis mai suna Le Pompe, yana daga cikin mafi daɗewa da aka sani.

Sarakuna da fadawan Turai, mazansu da matansu, sun ɗimauce a kan wannan ado, har dukiyar Faransa ta riƙa kwarara zuwa Italiya. Ganin haka, a shekarar 1665 Colbert, ministan Sarki Louis na 14, ya kafa masana'antun sarki a wasu garuruwan Faransa, ya ɗauko ƙwararrun mata daga Benis don su koyar. Hukumar Benis ba ta ji daɗi ba, har ta yi barazanar hukunta duk wadda ta fitar da sirrin sana'ar. A cikin waɗannan garuruwa, Alençon da ke yankin Normandi ne ya yi fice. Leshinsa yana bi ta matakai goma, tun daga zane har zuwa gogewa, kuma murabba'in santimita ɗaya, wato kamar faɗin farcen yatsa, yakan ci kusan awa 7 na aiki. Koyon sana'ar baki ɗaya yakan ɗauki shekara 7 zuwa 10.

A tsaunukan Velay, wajen garin Le Puy, abin ya kasance sana'ar talakawan ƙauye. Akwai wasu mata masu riƙon addininsu na Kirista da ake kira béates, kowace tana zaune a ƙauye guda, tana koya wa yara karatu da addini, tana koya wa ƴan mata leshin sanduna. Matan unguwa sukan fito da matasansu su zauna a ƙofar gida suna aiki suna hira, wannan zama shi suke kira couvige.

Yadda na'ura ta karɓe kasuwa

A shekarar 1809 wani Bature ɗan Ingila, John Heathcoat, ya yi rajistar na'urar da ke saƙa raga irin ta leshin sanduna. A 1813 John Levers ya inganta ta a garin Nottingham. Ma'aikatan da suka ga abincinsu zai kuɓuce sun far wa masana'antar Heathcoat a 1816 suka farfasa na'urorin, amma hakan bai tsayar da komai ba. A wannan shekarar ce aka tsallaka da irin waɗannan na'urori a ɓoye zuwa Calais a Faransa, garin da ya zama cibiyar leshin na'ura. Abin da mace ke yi a wata guda sai na'ura ta yi shi cikin ɗan lokaci, farashi ya faɗi, dubban mata suka rasa abin yi.

Leshin da ke kasuwanninmu ya biyo ta wata hanya ce daban. A 1863 wani ɗan ƙasar Suwis, Isaak Gröbli, ya ƙera na'urar ɗinkin ado mai aiki da ƴan ƙoshiyoyi, wadda ake kira schiffli. Ita wannan tana ɗinka ado ne a kan yadi, a huda shi ko a yanke wasu wurare. Wani lokaci kuma a narkar da yadin ƙasan gaba ɗaya da sinadari a bar adon shi kaɗai, shi ne ake kira guipure. Garin St. Gallen na Suwis da garin Lustenau na Ostiriya su ne suka shahara da wannan. Tun shekarun 1960 masana'antun Lustenau suka kama kasuwar Najeriya, suna tsara launi da fasali daidai da bukatar mutanen Afirka ta Yamma, har gidan tarihin al'adu na birnin Biyana ya shirya baje koli na musamman a kan wannan ciniki a 2010. Daga baya masu araha daga Sin da Koriya suka cika kasuwa. Ke nan abin da muke kira leshi, a ƙa'idar masu sana'a, ɗinkin ado ne na na'ura.

Aikin hannu bai mutu ba duk da haka. A lokacin babbar yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, an koya wa mata leshin kwarashi, iyalai da yawa suka tsira da abin da suka samu daga gare shi. A tsibirin Burano kusa da Benis, sanyin 1872 ya daskarar da ruwa, masunta suka shiga ƙunci, sai aka buɗe makarantar leshi don matansu su sami abin taimako. An ce a lokacin wata tsohuwa, Cencia Scarpariola, ita ce ta rage da sanin tsohon ɗinkin tsibirin, daga hannunta aka kwashe shi. Makarantar ta yi aiki har 1970, gininta ya koma gidan tarihi a 1981. Hukumar UNESCO ta sanya leshin Kuroshiya da na ƙauyen Lefkara a Kubrus cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2009, na Alençon a 2010, na Sulobeniya a 2018. Labarin tsohuwar Burano abin lura ne gare mu, domin a unguwanninmu ma akwai tsofaffin da suka iya kaɗi da saƙa da ɗinkin hannu, ba kuwa wanda ke zama kusa da su ya koya.

Leshi a ƙasashen Musulmi

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aikin Turawa ne su kaɗai. A Turkiyya akwai oya, siririn leshi da ake yi wa bakin ɗankwali da adiko da tawul. Ana yin sa da allura, ko kwarashi, ko ƴar ƙoshiya, wani har da duwatsun ado. Na allura shi ya fi daraja. Da zaren alharini ake ƙulla shi, babu takardar fasali, babu matashi, sai dai abin da ido ya gani a wurin uwa ko kaka. Daga ƙananan ƙulle-ƙulle masu kusurwa uku sukan fitar da fure da ganye da ƴaƴan itace. Yarinya takan fara tara ɗankwalaye masu oya tun tana ƙarama, ta adana su cikin akwatin kayan aurenta, ta raba wasu ga dangin miji idan an kai ta. A al'adar ƙauyukan Anadolu har saƙo ake aikawa da shi: amaryar da ta ɗaura ɗankwali mai fasalin jan barkono tana sanar da cewa zaman gidan ya yi mata zafi, ba tare da ta buɗe baki ba.

A Tunisiya da Aljeriya akwai leshin allura da suke kira shabka, daga kalmar Larabci mai nufin raga. A Maroko kuwa akwai randa, wanda ake yi wa wuya da hannu da mahaɗin jallabiya da kaftani. Duk wanda ya taɓa riƙe jallabiyar Maroko ta aikin hannu ya ga wannan siririyar raga mai haɗa ƙyalle da ƙyalle. Waɗannan misalai su suka fi kusa da mu, domin ado ne ɗan kaɗan a bakin tufa mai suturta jiki, kuma kayan aikinsa ba su wuce allura da zare ba.

Yadda za a fara

Shawararmu ga mai farawa ita ce ta soma da kwarashi, saboda ana samunsa a kasuwa, kuma da wuya a rasa wadda ta iya riƙe shi a unguwa. Zaren auduga na saƙa yana da lamba, kuma yadda lambar ta ƙara girma haka zaren ke ƙara siranta. Mai koyo ta ɗauki lamba 10 da kwarashin ƙarfe na milimita 1.5, ta zaɓi fari ko launi mai haske don ta riƙa ganin kowane ƙulli. Lamba 30 ko 40 sai hannu ya faɗa. Ɗinki uku ne ginshiƙi: sarƙa, da gajeren ƙulli, da dogon ƙulli, waɗanda littattafan Faransanci ke kira maille en l'air, maille serrée da bride. Yawancin littattafai suna nuna fasali da alamomi, ƴar da'ira tana nufin sarƙa, sanda mai gicciye tana nufin dogon ƙulli, saboda haka wadda ba ta jin Faransanci ma za ta iya bi.

Aikin farko ya zama ƙarami, kamar bakin adiko ko bakin ɗankwali. Daga nan sai a shiga abin da ake kira filet, wato raga mai gida-gida. Gida buɗaɗɗe dogon ƙulli ɗaya ne da sarƙa biyu, gida cikakke dogon ƙulli uku ne. Duk zanen da za a iya yi a takardar lissafi mai gida-gida za a iya saƙa shi ta wannan hanya. Nan ne za mu iya shigar da namu fasalin, kamar dagi, da askar riga, da zanen da ke jikin faifai da ƙwarya, a yi labule ko rigar matashi ko marufin kwano da su.

Wadda ke son leshin sanduna kada yawan itatuwan ya tsorata ta. Komai yawansu, huɗu kawai ake taɓawa a lokaci guda, wato tagwaye biyu, kuma motsi biyu ne kacal. Idan aka lissafa su daga hagu, ɗaya zuwa huɗu, gittawa ita ce a ɗora ta biyu a kan ta uku. Murɗawa ita ce a ɗora ta biyu a kan ta ɗaya, ta huɗu a kan ta uku. Gitta da murɗa suna ba da raga mai sako-sako. Gitta, murɗa, gitta suna ba da saƙa mai kama da yadi. Duk leshin sanduna na duniya daga waɗannan biyun aka gina shi. Salon da ake fara koyo da shi ana kiransa torchon, fasalinsa na kusurwoyi ne, zarensa kuma yana da ɗan kauri.

Kayan aikin ba sai an yi odarsu daga waje ba. Masassaƙi zai iya fiƙe sanduna masu tsawon kamar santimita 10, da wuya siriri inda za a naɗe zare da gindi mai ɗan nauyi, a goge su sumul don kada su ci zare. Matashi kuma ana ɗinka jaka da yadi mai ƙwari, a cusa mata yankakkiyar busasshiyar ciyawa ko garin katako, a danne sosai har fil ya tsaya cak idan an soka shi. Fil ya zama wanda ba ya tsatsa, domin tsatsa idan ta kama farin zare da wuyar fita take. A wanke hannu kafin a fara, a rufe aikin da ƙyalle idan an tashi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Fil da allura a ajiye su cikin gwangwani mai murfi nesa da yara masu rarrafe.

Wajen wanki, a jiƙa leshi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, a matsa shi a hankali da tafin hannu. Ba a cuɗa shi, ba a murɗe shi, ba a sa masa ruwan jabel. A shimfiɗa shi a kan tawul a inuwa, a ja shi ya koma siffarsa, a kafe gefunansa da fil har ya bushe. In za a yi guga, a kifa shi a ɗora ƙyalle a sama.

Abin da addini ya tanada

Musulunci ya girmama aikin hannu. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa mafi alherin abincin mutum shi ne wanda ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda (AS) haka yake ci. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da kansa, don haka babu namijin da zai ce allura ta yi masa ƙanƙanta. Mu ma a ƙasar Hausa maza ne suka gaji aikin babbar riga. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA) tana jima tana ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Haka nan Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne biyu da mutane da yawa suke asararsu.

Amma akwai iyakoki da ya wajaba mu kiyaye. Na farko shi ne sutura. Leshi raga ne, raga kuwa ba ta rufe jiki. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa mata ba sa fita da tufa marar kauri mai siffanta su. Saboda haka gurbin leshi shi ne bakin mayafi da hannun riga da kayan ɗaki, ko kuwa a yi masa shafi mai kauri daga ciki. Wannan hukunci ya hau kan leshin kasuwa kamar yadda ya hau kan na hannu.

Na biyu, alharini haramun ne ga maza, sai ɗan abin da aka yi rangwame a kai, wanda hadisin Sayyidina Umar (RA) a Sahihu Muslim ya iyakance da faɗin yatsu biyu zuwa huɗu. Wadda za ta yi wa mijinta ko ɗanta ado a wuyan riga ta yi da auduga ta huta. Na uku, littattafan Turawa suna cike da siffofin mutane da dabbobi. Risala ta bambanta zanen da ke jikin tufa da mutum-mutumi, amma ta ce barinsa ya fi. Fure da ganye da kusurwoyi sun ishe mu. Kada kuma a saƙa sunan Allah ko ayar Alƙur'ani a jikin abin da za a zauna a kai, ko a taka, ko a jefa cikin wanki tare da sauran kaya.

Na huɗu shi ne lokaci. Masu wannan aiki sun san yadda yake jan mutum, a ce bari a ƙarasa layi ɗaya, sai ga rana ta faɗi. Idan ladan ya yi kira a soke fil a tashi. Haƙƙin miji da na yara da karatun Islamiyya suna gaba da shi. Na biyar shi ne almubazzaranci. A cikin Suratul A'araf, aya ta 31 da ta 32, Allah Ya halatta ado Ya kuma hana ɓarna. Wanda ya bar gasar leshin kasuwa ya koma gasar tara zare da littattafai da ba ya amfani da su bai tsira ba.

Maganar kuɗi da maganar yara

Dole mu faɗi gaskiya a nan, domin kada wata ta shiga da dogon buri ta fita da ɓacin rai. Hannu ba zai yi gasa da na'ura a farashi ba, wannan shari'a an yanke ta tun ƙarni na 19. Wadda ta ce za ta saƙa yadi biyar na anko da kwarashi za ta shafe watanni, kuma babu mai biyanta ladan wahalarta. Inda riba take shi ne ƙananan abubuwa da na'ura ba ta yi wa mutum daidai son ransa: bakin ɗankwali, hular jariri ta suna, wuyan riga, marufin kwanon amarya. Mai son sayarwa ta riƙa rubuta awannin da ta yi da kuɗin zaren da ta kashe kafin ta yanke farashi. Kada kuma a sayo na na'ura a sayar da sunan na hannu, domin Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus a ciniki. Sauran ribar ba a ƙirga ta da jika: kuɗin da ba a kashe ba, da kyautar da aka yi wa ƴar'uwa, da natsuwar da mutum ke samu idan hannunsa na aiki harshensa na zikiri.

Game da yara, tarihin wannan sana'a yana da gargaɗi. A ƙauyukan Bedfordshire da Buckinghamshire na Ingila, a ƙarni na 19, akan kai yara ƴan shekara biyar ko shida abin da ake kira makarantar leshi, su yini a sunkuye a kan matashi, karatu kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da dare sukan kewaye kyandir ɗaya, an jera kwalabe cike da ruwa don su tattaro haskensa a kan aikin. Da yawa sun tashi da raunin ido da ciwon baya. Kada sha'awa ta koma irin wannan a gidajenmu, ta zama wani sabon talla da zai hana yarinya makaranta. Rabin awa ko awa ɗaya ta ishi yarinya, da hasken rana, a zaune daidai, tana ɗaga kai tana duban nesa lokaci zuwa lokaci. Babba ma idan ido ya fara yaji ko wuya ya ƙage sai a ajiye. Wanda ya haura shekara arba'in ya ga zare yana yi masa hazo, ya je a auna idonsa a ba shi tabarau.

Kira ga iyaye da rassan ƙungiya

Muna kira ga iyaye mata da suka iya kwarashi ko ɗinkin hula su zaunar da ƴaƴansu su koya musu, tun icce yana ɗanye. Magidanta kuma su sani kuɗin ƙwallon zare da kwarashi ɗaya bai kai abin da ake zubawa a waya cikin ƴan kwanaki ba. Ga rassan ƙungiyarmu da ke da ajin mata, muna ba da shawarar a ware awa ɗaya a mako bayan darasi, a nemo tsofaffin unguwa masu sana'ar hannu a girmama su a ba su wuri, a tanadi akwati ɗaya na kayan aiki da kowa zai ara ya mayar. Waɗanda ke da intanet su sauko da darussan bidiyo su nuna wa sauran, wayar ma ta yi amfani. Idan shekara ta zagayo a baje abin da aka yi a ranar walimar ɗalibai, a sayar da wasu a taimaki marayu da kuɗin, koyi da Uwar Muminai Zainab (RA).

Aikin farko zai fito a karkace, na biyu ma haka. A warware a sake, sannu ba ta hana zuwa. Ranar da amarya za ta shiga ɗakinta da labulen da mahaifiyarta da ƙannenta suka saƙa mata, ba a ci bashin kowa ba, ranar za mu san amfanin wannan ɗan ƙoƙari.

Allah Ya sanya albarka a hannuwanmu da lokutanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya suturta mu duniya da lahira. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.